Takarda A Bango, Mai Shelar Gidan Tarihi Da Ɗakin Karatu

Kwanakin baya aikin duba makarantu ya kai mu wani gari, muka tarar malaman wata firamare sun shirya kai yaran aji shida gidan tarihi na garin, sai muka ce a yi da mu. Muka shiga da hantsi, ba mu fito ba sai wajen azahar. A tsawon wannan lokaci ba mu gamu da ko mutum ɗaya da ya zo kallo ba, in ban da mu. Ga takubba da sulke da lifidi, ga tsofaffin littattafai rubutun hannu, ga tukwane da kayan saƙa na kakanninmu, duk an jera an kakkaɓe, amma ɗakunan tsit kamar an yi ruwa an ɗauke.

Da muka fito muka zauna wurin wani dattijo mai shayi da ke daura da ƙofar gidan. Muka ce masa, "Baba, kai da ka ke maƙwabcin gidan nan, lalle ka haddace abin da ke ciki." Ya yi dariya ya ce, "Ranka ya daɗe, shekarata goma sha ɗaya a nan, ban taɓa sa ƙafata ba. Ai na ɗauka ofishin Gwamnati ne, sai mai takarda. Na kan ga dai Turawa suna shiga, da 'yan makaranta irin waɗannan." Muka waiwaya muka dubi allon da ke bakin ƙofa. Da Turanci aka rubuta shi, baƙaƙen ƙanana, rana ta cinye rabin fentin. Babu hoto, babu lokacin buɗewa, babu abin da ya ce wa mai wucewa ya shigo.

Wannan shi ne abin da Hausawa su ke cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Kuma kada mai karatu ya ɗauki maganar ƙarama. Da kuɗin jama'a a ke gina waɗannan gidaje, da shi a ke biyan ma'aikatansu. Yaron da ya fita makaranta bai san hanyar ɗakin karatu ba, cikin 'yan shekaru karatun da muka sha wahalar koya masa ya kan fara zubewa. Kayan tarihin da mutane ba su san darajarsa ba kuwa, ba za su tsare shi ba, shi ya sa aka daɗe ana haƙe kayan Nok a ɓoye ana fita da su ƙasashen waje. Saboda haka mu ke so yau mu yi magana a kan wani ɗan ƙaramin makami mai araha, watau fasta, takardar sanarwa mai hoto da a ke liƙawa a bango. Za mu duba yadda waɗansu ƙasashe biyu suka yi aiki da ita, sa'an nan mu ga abin da za mu ɗauka.

Dabarar Mutanen Landan

A shekarar 1908 kamfanin jiragen ƙasa masu bi ta ƙarƙashin birnin Landan ya ɗora wa wani ma'aikacinsa mai suna Frank Pick aikin talla. Damuwar kamfanin ita ce jiragen su kan cika maƙil da safe da maraice, sa'ad da ma'aikata ke tafiya da komowa, amma da rana tsaka da ranakun hutu sai su yi ta yawo da kujeru wayam. Pick ya yi tunani ya ga cewa mutum ba ya shiga jirgi don sha'awar jirgi, sai don akwai inda ya ke son zuwa. To, in haka ne, abin da ya kamata a tallata shi ne wuraren zuwa. Sai ya shiga ɗaukar gwanayen zane suna yi masa fastoci na gidajen tarihi, da zaurukan nunin zane-zane, da gidan namun daji, da lambunan shan iska na bayan gari.

Cikin waɗanda ya ɗauka akwai wani saurayi Ba'amurke, Edward McKnight Kauffer, wanda ya fara yi masa aiki a 1915, ya kuma zana wa jiragen Landan fastoci fiye da ɗari. Wata da ya yi a farkon shekarun 1920 domin gidan tarihin halittu, wata irin giwa ce mai gashi ta zamanin da ya zana, ta cika takardar, da 'yan kalmomi kaɗan na sunan gidan da unguwar da za a sauka. Ko wane yaro ya gan ta sai ya ja rigar ubansa. Har wa yau Pick ya sa wani gwanin rubutu, Edward Johnston, ya tsara wa kamfanin baƙaƙe nasa na kansa, masu sauƙin karantawa daga nesa, aka fara aiki da su a 1916, kuma jikokin waɗannan baƙaƙe ne ke jikin allunan tashoshin Landan har yau. Ya kuma ware wa fastocin kamfanin wurinsu dabam a tashoshi, don kada su ɓace cikin tallan sabulu da na magunguna.

Abin lura a nan shi ne, babban gidan tarihi na Landan a buɗe ya ke tun 1759. Kayan kallo ba su yi ƙaranci ba. Abin da Pick ya ƙara shi ne tuni da gayyata, a daidai wurin da talaka ke tsayawa kullum yana jiran abin hawa.

Abin Da Amurka Ta Yi Cikin Tsanani

Labarin Amurka ya fi wannan ban mamaki, domin cikin yunwa aka yi shi. A watan Oktoba na 1929 kasuwar hannun jari ta Niyok ta rushe, bankuna da ma'aikatu suka bi ta. Kafin 1933 kusan mutum ɗaya cikin ko wane huɗu na ma'aikatan ƙasar ya rasa aiki. A wannan shekara Franklin Roosevelt ya hau mulki, a 1935 kuma ya kafa wata hukuma da a ke kira WPA a taƙaice, ya ba Harry Hopkins shugabancinta, don ta ɗauki marasa aiki ta sa su gina hanyoyi da gadoji da makarantu. Kafin a rufe ta a 1943 ta ɗauki mutum wajen miliyan 8 da rabi.

Hukumar ba ta tsaya ga magina da leburori ba, ta buɗe sashe na masu zane a ƙarƙashin Holger Cahill. An ruwaito cewa da aka yi wa Hopkins ƙorafin ɓarnar kuɗi a kan masu zane, amsar da ya bayar ita ce su ma cin abinci su ke yi kamar kowa. Aka riƙa biyansu abin da bai kai dala 24 ba a mako. Tun a 1934 Magajin Garin Niyok, Fiorello La Guardia, ya riga ya tara waɗansu masu zane suna yi wa birnin fastoci, sai aka haɗe su cikin wannan sashe, aka kuma buɗe irinsa a Shikago da sauran manyan birane.

Aka yi fastoci na tsabta da rigakafi, da na wasannin kwaikwayo, da na dazuzzukan Gwamnati, amma waɗanda suka shafe mu su ne na ɗakunan karatu da gidajen tarihi da zaurukan zane. Mutanen Jihar Ilinoi, inda Shikago ta ke, sun yi fice a nan. Sun yi fasta ta wata-wata: ta watan Maris tana tuna wa mutum littattafan da ya daɗe yana cewa zai karanta bai karanta ba, ta watan Satumba tana cewa hutu ya ƙare, a koma aiki da makaranta da littafi. Wani mai zane, Arlington Gregg, ya yi jerin fastoci na koya wa yara riƙon littafi. A cikin ɗaya ya zana yaro da dutsen guga yana fama da shafin littafi da aka lanƙwashe, don a nuna da an sa 'yar alama a tsakanin shafuka da an huta. Babu tsawa babu gargaɗin tara, dariya kawai, amma yaron da ya gani ba zai manta ba.

Ba su kuwa tsaya ga kira da baki ba. Hukumar ta buɗe zaurukan koyon zane da nuninsa fiye da ɗari a garuruwan da ba su taɓa samu ba. A cikin duwatsun gabashin Jihar Kentaki, inda babu hanyar mota, ta ɗauki mata tana biyansu dala 28 a wata, suna hawa dawaki da alfadarai suna kai littattafai gida gida, daga 1935 zuwa 1943. Watau inda akwai ɗakin karatu aka kira mutane gare shi, inda babu aka kai musu.

An ƙiyasta cewa an zana fasta iri 35,000, aka buga kofi wajen miliyan 2. Amma da ya ke an ɗauke su abin liƙawa yau a yage gobe, ba wanda ya kula da ajiyarsu. Waɗanda aka san sun tsira ba su wuce 2,000 ba, kuma 907 daga ciki suna babban ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka a Washintan. Za mu komo kan wannan hasara nan gaba.

Yadda Suka Buga Su

Da farko da hannu a ke zana ko wace fasta, ɗaya bayan ɗaya, aikin yana tafiyar hawainiya. A 1936 wani saurayi cikin masu zanen Niyok, Anthony Velonis, ya shawo kan shugabanninsa a koma bugu da siliki, har ya rubuta ɗan littafi a 1938 yana koya wa sauran jihohi. Daga nan aka riƙa fitar da ɗaruruwa a yini.

Duk wanda ya taɓa ganin mace tana tace koko ya riga ya fahimci rabin dabarar. A kan haɗa katako mai kusurwa huɗu, a ɗaure masa ƙyallen siliki mai ƙananan idanu, a ja shi ya yi tauri kamar fatar ganga. Sa'an nan a toshe idanun ƙyallen da wani irin danƙo, ko da takardar da aka yanke siffar zanen a jikinta, a bar buɗe wuraren da a ke so launi ya sauka kaɗai. A shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashi, a zuba fenti a gefe guda, a ja shi da wani katako mai bakin roba zuwa ɗaya gefen. Fentin ya bi ta idanun da aka bari ya sauka a kan takarda. A ɗaga, a zare takardar a shanya, a sa wata. Ko wane launi da nasa ƙyallen da nasa zagayen, saboda haka fasta mai launi uku sau uku za ta shiga ƙarƙashin siliki, kuma tilas a yi alama a kan tebur don ko wane zagaye ya faɗa daidai kan na baya.

Wannan wahala ita ce ta zama musu malami. Da ya ke ko wane launi ƙarin aiki ne da ƙarin kuɗi, sai mai zane ya rage launuka. Da ya ke siliki ba ya son ƙananan ƙyale-ƙyale, sai ya yi siffofi manya masu faɗi. Haka fastocin suka fito sarai, ana gane su daga tsallaken titi. Wannan sana'a kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu, da ita masu buga rubutu a jikin riguna da tutoci su ke aiki a kasuwanninmu. Yau na'ura mai ƙwaƙwalwa da injin buga leda sun sauƙaƙa aikin, amma sun zo da nasu ciwon, domin wanda aka ba launi dubu kyauta ya kan so ya zuba su duka a takarda ɗaya.

Sharuɗɗan Fasta Mai Kyau

Daga abin da waɗannan mutane suka yi, da ɗan abin da muka gwada da ɗaliban kwalejin horon malamai, ga abin da muka tsinta.

Na farko, magana ɗaya tak. Mai wucewa a kan babur ko mai ɗauke da kaya a ka ba zai tsaya ba, kallo ɗaya zai yi. In aka ce a gaya masa tarihin gidan, da sunan wanda ya buɗe shi, da jerin abin da ke ɗaki goma, to ba a gaya masa kome ba. A zaɓi abu guda mafi jan ido a cikin gidan, a sa shi ya wakilci sauran, kamar yadda mai goro ke ɗora manyan ƙwarya a saman faifai.

Na biyu, hoto shi ne gaba, rubutu na biye. Da yawa cikin waɗanda mu ke kira ba su karatun boko, amma ba wanda ba ya karanta hoto. Sai dai a lura, hoto ma ya kan yi ɓatan kai. Ɗalibanmu sun taɓa zana wata kyakkyawar tukunya ita kaɗai a tsakiyar takarda, muka kai kasuwa muka nuna wa mutane ba tare da mun yi bayani ba. Wata tsohuwa ta duba ta ce, "Ɗana, nawa nawa ku ke sayarwa?" Aka koma aka zana uba riƙe da hannun 'yarsa suna duban tukunyar, da ƙofar gidan tarihin a bayansu yadda ta ke sosai. Da aka sake nunawa, sai mutane suka fara tambayar ina ne wurin. Mun koyi abu biyu a ranar: a sa mutum irin mai kallo a cikin hoton, da irin tufafinsa, don ya san da shi a ke, kuma a zana ƙofar gidan don ya gane ta in ya iso. Inda mutane ba su son a liƙa hoton mai rai, ba a rasa abin yi ba. Ga ƙofofin gari da ganuwa, ga dagi da aska takwas, ga zanen da magina ke yi a fuskar soro, ga zayyanar da ke gefen tsofaffin littattafai.

Na uku, kalmomi kaɗan, da harshen mutanen wurin. Abin da ya wuce kalma bakwai ko takwas a babban layi ya yi yawa. A rubuta da boko, a kuma rubuta da ajami, domin akwai dubban mutane da ajami ne karatunsu, kuma ganinsa kaɗai ya kan gaya musu cewa ba a manta da su ba. Kalmomin su zama na gayyata, irin waɗanda maigida ke yi wa baƙo a zaure. Fastar da ta fara da "an hana" ta kori mutum tun bai zo ba.

Na huɗu, launi biyu ko uku masu rabuwa da juna sosai, kamar baƙi a kan rawaya ko fari a kan shuɗi. A tuna da ranar ƙasarmu da ƙurar hunturu, ja ya kan riga sauran launuka koɗewa. Baƙaƙen su zama masu kauri, marasa lanƙwashe-lanƙwashe. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: a jingina fastar a bango, a yi taku ashirin baya, a duba. Abin da bai karantu ba a ƙara masa girma ko a cire shi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Na biyar, a amsa tambayoyi huɗu da ke zuciyar talaka: ina ne, yaushe a ke buɗewa, nawa a ke biya, kuma an yarda irina ya shiga? A faɗi wurin da abin da kowa ya sani, kamar kusa da kasuwa kaza ko bayan tashar mota. In kyauta ne a rubuta da manyan baƙaƙe. In akwai kuɗin shiga a faɗi adadinsa, domin tsoron jin kunya a bakin ƙofa ya fi kuɗin kansa hana mutane zuwa. In akwai ranar da aka keɓe wa mata, ko lokacin yara, a bayyana.

Na shida, wurin liƙawa. Fastar da aka liƙa a cikin ɗakin karatu wa'azi ne ga wanda ya riga ya zo. A bi sawun Pick, a kai ta inda mutane ke jira: tashar mota, rumfar mai shayi, shagon aski, wurin niƙa, bakin asibiti inda mata ke zaman layin awo, da ƙofar makaranta. A nemi izinin mai bango. A kuma nisanta ta daga inda fastocin 'yan siyasa da na finafinai suka hau kan juna, don can ba ta kwana biyu za a rufe ta. Hotonta kuma a aika ta wayar hannu, domin yau aljihun mutum ma bango ne.

Muna Da Abin Nunawa

Kada wani ya ce ai su Landan suna da giwa mai gashi, mu me za mu zana? Tun 1945 aka buɗe gidan tarihi na farko a Nijeriya a garin Esie, domin ɗaruruwan mutum-mutumin dutse da ke can. A 1952 aka buɗe na Jos ta hannun Bernard Fagg, na Ikko kuma a 1957 ta hannun Kenneth Murray, wanda asalinsa malamin koyar da zane ne a makarantu. Kayan Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928, sun haura shekara 2,000. Wani kai na yumɓu da aka tono wajen Jama'a a 1943, sai da ya yi zama a gonar doya yana korar tsuntsaye kafin a kai wa Fagg. Wace fasta ce za ta fi wannan labari jan hankali? A harabar gidan na Jos kuma an gina kwatancin ganuwar Kano da na tsohon Masallacin Juma'a na Zariya.

A Kano ga Gidan Makama, wanda a ke danganta gininsa da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. A Kaduna ga Gidan Arewa, inda Sardauna ya zauna, wanda aka mai da shi wurin ajiyar takardun tarihi da bincike a 1970. A Dufuna ta Jihar Yobe wani Bafillace mai haƙar rijiya ya tono kwalekwale a 1987, tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa wajen 8,000, kuma ba a san wanda ya girme shi ba a Afirka duka. A Yamai ga gidan tarihi na ƙasar Nijar da aka kafa a 1959, mai ɗauke da sunan Boubou Hama, inda aka haɗa kayan tarihi da namun daji da masu sana'ar hannu a harabar guda. Ko wane ɗaya daga cikin waɗannan ya ishi mai zane aikin shekara.

Masu zanen ma muna da su. Ga masu rubuta allunan shaguna, ga masu yi wa manyan motoci ado, waɗanda suka san abin da ido ke kamawa daga nesa fiye da yawancinmu, ga ɗaliban sashen zane na kwalejojinmu da a ke ba aikin gwaji a ƙarshe a jefa a kwandon shara. Abin da ya rage shi ne a haɗa su da ma'aikatan gidajen tarihi da na ɗakunan karatu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Alkawari Kaya Ne

Akwai gargaɗi guda da ba za mu rufe ba sai mun yi shi. Fasta alkawari ce. In ta ce ana buɗewa ƙarfe tara, mutum ya biya kuɗin mota ya zo da 'ya'yansa ya tarar da kwaɗo a ƙofa, ko ya tarar da maigadi mai ɗaure fuska yana tambayarsa takarda, to an yi hasarar wannan mutum, an kuma yi hasarar duk wanda zai ba labari. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kafin a liƙa takarda ko ɗaya, a tabbata akwai mai tarbar baƙi da Hausa, akwai wurin zama da ruwan sha, kuma a ɗakin karatu akwai littattafan Hausa da jaridu a inda hannu zai kai.

Sa'an nan a yi abin da Amurkawa suka yi sakaci da shi. Ko wace fasta aka buga, a ajiye kofi biyu a gidan da aka yi ta dominsa, a rubuta sunan mai zanen da shekara a bayanta. Abin da mu ke liƙawa yau shi ne kayan tarihin jikokinmu. A kuma sa littafi a bakin ƙofa, a riƙa rubuta yawan masu shigowa kafin a liƙa da bayan an liƙa, ana tambayarsu inda suka ji labari, don a san wace fasta ce ta yi aiki.

Muna roƙon shugabannin makarantu da na kwalejojin horon malamai, da hukumomin ilmi na ƙananan hukumomi, su ɗauki wannan aiki. Ranar 23 ga Afrilu ita ce ranar littafi ta duniya tun 1995, ranar 18 ga Mayu kuma ta gidajen tarihi tun 1977. Tsakaninsu bai kai wata guda ba. Ko wace makaranta ta kai yaranta su gani da idonsu, su komo su zana, a yi gasa, a buga wadda ta ci a liƙa a gari. Yaron da ya ga zanensa a bangon tasha, shi da kansa zai jawo iyayensa da 'yan unguwarsu.

Da muka koma garin nan da fastar uba da 'yarsa, dattijo mai shayi ya roƙi a ba shi guda ya liƙa a rumfarsa. Muka miƙa masa, ya juya ta ya duba, sai ya naɗe ya ajiye a ƙarƙashin tebur. Muka ce, "Baba, ba za ka liƙa ba?" Ya ce, "Sai gobe, Malam. In na liƙa yanzu masu shan shayi za su tambaye ni abin da ke ciki, ni kuwa ba na son a tambaye ni abin da ban sani ba. Bari in shiga in gani tukuna."